Tsuke Bakin Aljihu da Nauyin Bashin Ƙasa

Kowace shekara, sa'ad da Shugaban Ƙasa ya gabatar da kasafin kuɗi a gaban Majalisar Tarayya, akwai wani layi guda cikin lissafin wanda jama'a ba su cika kula da shi ba, alhali kuwa shi ne yake yanke wa sauran hukunci. Layin nan shi ne kuɗin biyan bashi. Ana iya rage abin da aka ware wa asibitoci, ana iya ɗage aikin wata hanya zuwa baɗi, amma ranar biyan mai bin bashi ba ta ɗaguwa sai da yardarsa. Saboda haka duk lokacin da aka ji gwamnati ta ce za ta tsuke bakin aljihu, ya kamata mai karatu ya san cewa a bayan maganar akwai wata tambaya: shin ƙasar za ta iya ci gaba da biyan abin da ake binta ba tare da ta durƙushe ba?

Giɓi da bashi

Kasafin kuɗi fuska biyu gare shi. Akwai kuɗin shiga, watau haraji da kuɗin fito na kwastan da rabon gwamnati daga man fetur. Akwai kuma kuɗin kashewa, wanda ya kasu biyu: na yau da kullum, irin su albashi da fansho da gudanar da ofisoshi, da kuma na manyan ayyuka, irin su hanyoyi da madatsun ruwa da wutar lantarki. Idan kashewa ta fi shiga, an sami giɓi ke nan, kuma da rance ake cike shi. Giɓin bana da na bara da na shekarun baya, in aka tara su aka cire abin da aka riga aka biya, su ne bashin ƙasa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma haka abin yake ga ƙasashe. Rancen farko da Nijeriya ta karɓa daga Bankin Duniya cikin 1958, Dala miliyan 28, da shi aka taimaka wajen miƙa hanyar jirgin ƙasa zuwa Maiduguri. Cikin 1964 bankin ya sake ba da Dala miliyan 82 don madatsar ruwa ta Kainji, wadda har yau take ba da wuta. Irin wannan rance kamar na manomi ne da ya ci bashi ya sayi shanun huɗa: gonar da ya faɗaɗa ita za ta biya. Wanda ya ci bashi ya yi buki kuwa, daga cikin tsohon rumbunsa zai biya.

Lissafin da ke ƙarƙashin maganar

Girman bashi shi kaɗai ba ya nuna haɗarinsa. Bashin gwamnatin Japan ya ninka abin da ƙasar take samarwa a shekara fiye da sau biyu, amma ba ta kasa biya ba, don yawancinsa 'yan ƙasa ne suka ba da shi, da kuɗin ƙasar, bisa ruwa kaɗan. Ghana kuwa, wadda nata bashin bai kai rabin wannan mizani ba, ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje cikin Disamba 2022. To, ina bambancin yake?

Bari a ɗauki misali na ƙirƙira don sauƙin fahimta. A ce wata ƙasa tana samar da dukiyar Naira 100 a shekara, ana binta bashin Naira 40, kuɗin ruwa kuma kashi 10 cikin 100. Ruwan shekara Naira 4 ke nan. Idan harajinta ya ishe ta hidimominta daidai wa daida, ba rara, to sai ta ranto Naira 4 ɗin nan ta biya ruwa, bashi ya zama Naira 44. Idan a shekarar arzikinta ya ƙaru da kashi 6 cikin 100, ya zama Naira 106, nauyin bashin ya hau daga kashi 40 zuwa kashi 41 da rabi, ko da yake ba ta gina kome sabo ba. Don ta riƙe shi a kashi 40, dole ta samo rarar Naira 1 da kwabo 60 daga haraji ko daga rage kashewa. Amma da arzikin ya ƙaru da kashi 12, ya zama Naira 112, da nauyin ya sauka ƙasa da kashi 40 ba tare da an ƙuntata wa kowa ba. Watau tsere ake yi tsakanin kuɗin ruwa da bunƙasar arziki. In ruwa ya fi gudu, bashi yana haihuwa da kansa.

Akwai mizani na biyu, wanda ya fi na farko amfani ga ƙasa irin Nijeriya. A ce ƙasashe biyu ne, kowace da bashin Naira 40 da ruwan Naira 4. Ta farko tana tara harajin Naira 30 a shekara, ta biyu Naira 8. Ta farko kwabo 13 ne cikin kowace Naira take ba masu bashi. Ta biyu kwabo 50. A takarda nauyinsu ɗaya ne, a aljihu kuwa ɗaya tana tafiya, ɗaya tana rarrafe. Dalili kuwa shi ne, gwamnati ba ta biyan bashi da dukiyar 'yan ƙasa baki ɗaya, da abin da ya shigo baitulmali take biya. Abin dariya ma, cikin 2014 da aka sake ƙididdige arzikin Nijeriya aka tarar ya kai kimanin Dala biliyan 510, nauyin bashi a mizani na farko ya yi ƙasa dare ɗaya, alhali ko kwabo ba a biya ba.

Na uku shi ne irin kuɗin da aka ranta. Bashin Dala da Dala ake biyansa, Babban Bankin Nijeriya kuwa ba ya buga Dala.

Daga yalwa zuwa ƙunci

Dukan abubuwan nan uku sun haɗu a kan Nijeriya cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa.

Bayan farashin man fetur ya ninka har kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, kuɗi ya kwararo ƙasar nan yadda ba a taɓa gani ba. An yi ƙarin albashi na Udoji. An yi odar siminti fiye da abin da tashar jiragen ruwa ta Legas za ta iya saukewa, har cikin 1975 ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bakin teku ana biyansu kuɗin jira. An shiga manyan ayyuka masu yawa lokaci guda. Da cinikin mai ya ɗan ja da baya, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta rage kashewa, ta kuma ranto Dala biliyan 1, watau miliyan dubu, daga bankunan ƙasashen waje cikin 1978. Wannan rance ya bambanta da na Kainji ta wata fuska mai muhimmanci: na kasuwa ne, wa'adinsa gajere, ruwansa kuma yana hawa yana sauka tare da kasuwar kuɗi ta duniya.

Sai kasuwar ta juya. Don yaƙi da tsadar kaya a gida, Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20 cikin 100 a 1980 da 1981, ruwan basussukan ƙasashe masu tasowa ya bi shi. A daidai wannan lokaci mai ya yi yawa a kasuwa. Nijeriya da take haƙo ganga sama da miliyan 2 a rana cikin 1979 ta dawo ƙasa da miliyan 1 da rabi cikin 1982. Farashin ganga da ya wuce Dala 35 a 1980 ya gangaro har wajen Dala 10 a tsakiyar 1986. Ruwa ya hau, kuɗin shiga ya faɗi. Cikin Agusta 1982 ƙasar Meziko ta ce ba za ta iya biya ba, bankunan duniya suka firgita, suka rufe ƙofa ga kusan dukan masu neman rance irinta.

Cikin Afrilu 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar daidaita tattalin arziki, wadda ta taƙaita shigo da kaya, ta ƙara kuɗin fito, ta rage kashewa. A nan ne kalmar tsuke bakin aljihu ta shiga bakin kowa. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, daga 1984, ta ƙara matsawa: an sallami ma'aikata da yawa, an tsai da ƙarin albashi, an ware babban kaso na kuɗin ƙasashen waje don biyan bashi. Ta ƙi sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, musamman rage darajar Naira da janye tallafin mai. Waɗanda suka ga zamanin suna tuna dogayen layuka na sayen madara da sukari da sabulu. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne masana'antu. Da aka toshe shigo da kaya, an toshe har da kayan sarrafawa da kayan gyaran inji, masaƙu da sauran ma'aikatu a Kano da Kaduna da Legas suka rage aiki, suka sallami mutane. Ma'aikatar da ta tsaya ba ta biyan haraji. Ta haka maganin ya riƙa cin wani ɓangare na jikin da ake son warkarwa.

Janar Ibrahim Babangida ya buɗe muhawara ga jama'a cikin 1985 a kan ko a karɓi rancen Asusun, na sama da Dala biliyan 2. Jama'a suka ƙi, cikin Disamba gwamnati ta sanar da cewa ba za a karɓa ba. Kasafin 1986 ya ƙayyade cewa ba za a biya masu bashi fiye da kashi 30 cikin 100 na kuɗin cinikin waje ba, ya kuma ɗaga litar fetur daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. Cikin Yuli aka soma shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan da aka ƙi. Naira da ta fi Dala daraja a farkon 1985 ta koma wajen Naira 4 a Dala 1 bayan an buɗe kasuwar musaya cikin Satumba 1986. Ma'anar wannan ga baitulmali a fili take: kowace Dala ta bashi yanzu tana cin Naira ninki huɗu na da. Zanga-zangar Mayu 1989 ta nuna iyakar haƙurin talakawa.

Bayan duk wannan wahala, bashin bai ragu ba. Abin da aka kasa biya sai a sake masa wa'adi, a ɗora masa ruwa, a ɗora tara a kan ruwan. Zuwa ƙarshen 2004 bashin waje ya kai wajen Dala biliyan 36, kuma babban ɓangare na abin da ƙasashen Ƙungiyar Paris suke bi tarin ruwa ne da tara. Wasu ayyukan da aka narka dukiya a kansu a shekarun yalwa, kamar masana'antar ƙarafa ta Ajakuta, ba su taɓa yin aikin da aka gina su dominsa ba balle su biya kansu.

Darasi daga Girka

Kada a ɗauka wannan ciwo na ƙasashen Afirka ne kaɗai. Ƙasar Girka, a nahiyar Turai, ta karɓi ceton Yuro biliyan 110 cikin Mayu 2010 bisa sharaɗin rage albashi da fansho da ƙara haraji. Ta cika sharuɗɗan da tsanani, giɓin kasafinta ya ragu ƙwarai. Amma tattalin arzikinta ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya kai kashi 27 cikin 100 a 2013, nauyin bashi kuwa ya hau daga wajen kashi 127 a 2009 zuwa kusan kashi 180 a 2014, duk da an yafe wani sashe cikin 2012. Mai karatu ya tuna da misalin Naira 100: idan Naira 100 ta zama 75, bashin da bai motsa ba ya ƙara nauyi. Tsukewa tana da amfani, sau da yawa ma ba makawa gare ta, amma inda aka yanka da saurin yankan su ne ke nuna ko za ta yi magani.

A nan ne gwamnatoci suka fi yin kuskure, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Albashi yana da masu kare shi, haka ma alawus na manya. Gadar da ba a gina ba tukuna ba ta da ƙungiyar ƙwadago. Don haka in kuɗi ya yi ƙaranci, manyan ayyuka da gyaran kayan gwamnati su ake fara dannewa, su ne kuwa tushen harajin gobe. Aikin da aka bari rabi, ɗan kwangila ya kwashe injinansa, in aka dawo masa bayan shekara biyar ya kan ci ninkin kuɗinsa na farko.

Sauke kaya da sake ɗauka

Cikin Oktoba 2005, a zamanin mulkin farar hula na Obasanjo, Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta jagoranci sulhu da Ƙungiyar Paris. Daga bashin kimanin Dala biliyan 30 an yafe biliyan 18, Nijeriya ta biya biliyan 12.4, aka kammala cikin Afrilu 2006. Abin da ya sa biyan ya yiwu shi ne asusun rarar man fetur da aka buɗe cikin 2004, inda ake ajiye abin da ya haura farashin da aka gina kasafi a kansa. Watau tanadin lokacin yalwa shi ne ya sayi 'yancin. A ƙarshen 2006 bashin waje bai kai Dala biliyan 4 ba.

Don kada a koma gidan jiya, an kafa shinge. Tun Oktoba 2000 an buɗe Ofishin Kula da Basussuka don a san adadin abin da ake bin ƙasa a wuri ɗaya. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin shekara sai da wani babban dalili, kuma rance na manyan ayyuka ne da raya al'umma. Dokar Babban Banki ta wannan shekara ta ce rancen wucin gadi da bankin zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, a kuma biya shi kafin shekara ta ƙare.

Shinge dai sai da mai gadi. Farashin mai ya sake faɗuwa daga tsakiyar 2014, tattalin arziki ya tsuke cikin 2016, ya sake tsukewa cikin 2020 saboda annobar korona. Cikin 2015 jihohi da yawa sun kasa biyan albashi sai da aka ba su rancen ceto, wanda aka riƙa cirewa daga rabonsu na wata-wata. An koma kasuwannin duniya: takardun lamuni na Dala na farko an sayar da su cikin Janairu 2011, Dala miliyan 500, wasu kuma suka biyo baya. Cikin 2017 an fito da sukuk na Naira biliyan 100, wanda yake da wata fa'ida da ya kamata a yaba, don an ɗaure kuɗinsa ga hanyoyi sanannu da mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa. Zuwa ƙarshen 2023 bashin waje ya wuce Dala biliyan 40.

Duk tsawon wannan lokaci ana ta cewa bashin Nijeriya kaɗan ne in aka gwada shi da arzikin ƙasa. Maganar gaskiya ce, amma da mizani na farko aka auna. Harajin da ake tarawa, bisa ƙididdigar hukuma ta 2021, bai kai kashi 11 cikin 100 na arzikin shekara ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa cikin 2022 biyan bashi ya lashe kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A shekarar kuma tallafin fetur ya ci sama da Naira tiriliyan 4. Ƙasar da take cikin wannan hali, albashin ma'aikatanta ma da rance take biyansa. Nijeriya ita ce ƙasa ta biyu cikin misalin da ya gabata, mai harajin Naira 8.

Ghana ta nuna inda hanyar take kaiwa in ba a juya ba. Tsadar kaya a can ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba 2022. Gwamnati ta sake wa'adin bashin cikin gida, asarar ta faɗa kan bankuna da masu ajiya, har tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Akara cikin Fabrairu 2023. Sa'an nan aka sami rancen Dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni cikin Mayu. Idan gwamnati ta kasa biya, ba baƙi kaɗai ke asara ba.

Matakan 2023

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Cikin Yuni aka saki Naira ga kasuwa. Dala da take wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024. Rabon wata-wata na gwamnatoci uku ya ƙaru a lissafin Naira. Amma abin da ya faru a 1986 ya sake faruwa: bashin Dala ya kumbura a Naira. Jimlar bashin ƙasa ta tashi daga kimanin Naira tiriliyan 97 a ƙarshen 2023 zuwa wajen tiriliyan 144 a ƙarshen 2024, kuma faɗuwar Naira tana da babban hannu a ciki. Tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba 2024, wanda kuwa ya fi jin jiki shi ne mai albashi ƙayyadadde da talakan da yawancin abin hannunsa a abinci yake ƙarewa.

Ko matakan za su kai ga gaci, wannan ya rataya ne a kan inda kuɗin da aka tsimi ya tafi, da kuma ko kuɗin shiga zai ƙaru ta hanyar da ba za ta shaƙe masu sana'a ba. Don haka ne dokokin haraji huɗu da aka sa wa hannu cikin Yuni 2025 suke da muhimmanci ga maganar bashi fiye da yadda ake zato. Faɗaɗa yawan masu biya da toshe ɓaraka ya fi ɗora wa 'yan kaɗan ɗin da suke biya sabon kaya, amma aiki ne mai cin shekaru, kuma mutane ba sa sakin haraji da daɗin rai sai sun ga abin da aka yi da na bara.

Saura bashi guda da ya kamata a ambata, don ya daɗe ba ya cikin lissafin da ake bugawa. Shi ne rancen wucin gadi daga Babban Banki, wanda doka ta ce a biya shi cikin shekara. An bar shi yana taruwa shekara da shekaru har ya kai Naira tiriliyan 22.7. Irin wannan rance bai da bambanci da buga sabon kuɗi, kuma jama'a sun riga sun soma biyansa a kasuwa ta hanyar tsadar kaya tun kafin a rubuta shi a littafi. Cikin Mayu 2023 Majalisar Tarayya ta yarda a mai da shi takardun lamuni masu wa'adin shekara 40, bisa ruwa kashi 9 cikin 100. Ruwan shekara guda kaɗai ya ɗan haura Naira tiriliyan 2. Wa'adin zai cika cikin 2063, lokacin da jaririn da aka raɗa wa suna a watan da aka zartar da shawarar zai cika shekara arba'in da haihuwa.